Mai Gida Ya Rasu Ya Bar Kamfani: Yadda Ake Raba Hannun Jari da Fansarsa Ba Tare da an Danne Kowa Ba

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ɗin kawuna muka taru a zaurensa, can wajen Ƙofar Ƙaura a cikin Katsina, don a lissafa abin da ya bari. Malamin da aka ɗauko ya tanƙwashe ƙafa kan darduma da takarda a cinya, ana faɗa yana rubutawa: gida kaza, gona kaza, shanun da ke hannun makiyayi. Da aka zo kan tireloli da gidan mai, sai babban ɗan marigayin ya gyara zama ya ce, “Allah gafarta Malam, waɗannan ba na Baba ba ne, na kamfani ne.” Zauren ya yi tsit. Ta bayan labule aka jiyo muryar uwargida tana salati.

A ranar duk mun ɗauka zalunci ya shirya. Daga baya na gane cewa a wannan magana ɗaya gaskiya ya faɗa. Inda ya kauce shi ne abin da ya biyo baya, lokacin da ya riƙa bin ƙannensa mata gida-gida da ambulan da takardar sa hannu, yana cewa kamfani zai fanshi rabonsu, wato ya saye hannun jarinsu. Rigimar ta ci shekaru, wasu tirelolin sun ruɓe a fili, har yau akwai 'yan uba da ba sa gaisawa. Abin da zan jero a nan shi ne abin da ya kamata mu yi tun a wancan zama, bi da bi. Jerin yana da muhimmanci, domin mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne idan aka fara cinikin hannun jari kafin a san na wane ne, kafin kuma a san darajarsa.

Mataki na farko: a tantance me marigayin ya mallaka

A duba takardar rajistar da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta bayar. Idan lambar ta fara da BN, sunan kasuwanci ne kawai. Nan babu wahala: kayan shago da motoci da kuɗin banki duk na mai sunan ne, suna shiga gado kai tsaye, bashin kasuwancin ma yana kansa. Idan kuwa lambar ta fara da RC, sunan kuma ya ƙare da Limited, to a idon doka kamfanin mutum ne mai zaman kansa. Shi ke da tirelar, shi ke da filin, shi ake bi bashi, kuma ba ya mutuwa don wanda ya kafa shi ya mutu. Abin da marigayi ya bari shi ne hannun jarinsa a ciki, kuma shi malami zai raba.

Wannan ne ya sa dole a zauna da takardu a ware dukiya gida biyu. Attajiranmu na Katsina da Daura da Funtuwa sun saba cakuɗa aljihunsu da na kamfani. Za ka tarar da filin gidan mai da sunan Alhaji, ginin da famfunan kuwa da kuɗin kamfani aka yi. Za ka tarar da mota da sunan kamfani amma amarya ke hawa tun ranar da aka sayo. A ɗauko takardar mallakar kowane fili, da takardun kowace mota, a ga sunan da ke kai. A kuma bi sawun bashin da ke tsakanin marigayin da kamfaninsa. Idan ya taɓa zuba kuɗinsa a matsayin rance, magada na bin kamfani. Idan ya ɗebi na kamfani ya yi aikin Hajji ko ya aurar da 'ya'ya, kamfani na bin gado.

Sai a nemi rahoton matsayin kamfanin daga CAC. Ana nemansa ta intanet, lauya ko wakilin da hukumar ta amince da shi zai ciro shi. Yana nuna masu hannun jari, yawan na kowa, da daraktoci. A haɗa da kwafin kundin ƙa'idojin kamfanin, wanda lauyoyi ke kira MEMART, da kwafin duk wani canji da aka shigar. A yi wannan da wuri, tun kafin maganar rabo ta yi zafi, a ajiye kwafi a hannun mutum fiye da ɗaya. Idan daga baya aka ga wani suna ya ɓace ko wani ya ƙaru, akwai abin da za a gwada da shi.

Mataki na biyu: sunayen da ke cikin rajista, na gaske ne ko na cike gurbi?

Nan ne zan daɗe, don nan ne zumunci ya fi tsagewa.

Kafin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 7 ga Agusta na shekarar, mutum ɗaya ba ya iya buɗe kamfani shi kaɗai, sai aƙalla biyu. Saboda haka dattawa da yawa suka sa sunan babban ɗa, ko ƙane, ko uwargida, don kawai a cika sharaɗi. Wani lauya ne ya tambaye shi, “Alhaji, wa za a sa?” ya ce a sa wane, a ba shi kashi 20. Bai ƙara tunawa da maganar ba har ya koma ga Allah. Yanzu ga ɗan yana cewa kashi 20 nasa ne tun Baba na da rai, 'yan'uwa kuma suna cewa aron suna ne.

Ba a yanke wannan da ƙarfin murya. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na raye da lafiyarsa. Don haka tambayoyin su ne: ya biya kuɗin hannun jarin da aljihunsa? An taɓa ba shi ribar rabonsa daban? Yana da takardar shaida a hannunsa? Akwai waɗanda suka ji marigayin ya furta cewa ya ba shi? Idan kuma kyautar a ciwon ajali aka yi ta, hukuncinta ya koma na wasiyya, ita kuwa wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Haka ma idan a kan gadon asibiti aka kawo takarda marigayi ya sayar wa ɗa guda hannun jari da farashin da kowa ya san bai kai ba, rangwamen nan ana kallonsa kamar kyauta ne.

A ɗaya ɓangaren, a sani cewa sunan da ke cikin rajistar kamfani hujja ce mai nauyi a gaban kotu. Wanda ya ce aron suna ne, shi zai kawo shaida. Ni a ganina, idan ɗa ya shafe shekara ashirin yana kwana a hanyar Legas da Jibiya yana bin motoci, bai dace 'yan'uwa su ce ba shi da komai sai rabon gado ba. Kukansa na cewa kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi yana da tushe. Amma maganin wannan kuka shi ne a zauna a yanka masa ladan wahalarsa a fili, kowa ya sani ya yarda. Bai halatta ya biya kansa a ɓoye ta hanyar karya farashin rabon ƙannensa ba.

Mataki na uku: ƙofofi biyu, kowace da aikinta

Mutane na ɓata shekaru saboda sun shiga kotun da ba ita ke da hurumi ba. Kotun shari'ar Musulunci ita ke tabbatar da su wane ne magada, ta fitar da bashi da wasiyya, ta faɗi rabon kowa, ta kuma duba ingancin kyauta. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikon duba al'amuran gado da wasiyya da kyauta da waƙafi na Musulmi. Amma duk abin da ya shafi tafiyar da kamfani, kamar gyara rajistar masu hannun jari, soke taron da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, ko tilasta a sayi rabon wani, sashe na 251 ya keɓe shi ga Babbar Kotun Tarayya, kuma tana da reshe a Katsina. Alƙalin shari'a zai ce wance tana da kaza. Idan daraktoci suka ƙi rubuta sunanta, ƙofar Kotun Tarayya za ta nufa.

Tsakanin biyun akwai takarda ɗaya da ba a tsallakewa. Dokar kamfanoni ta ce idan mai hannun jari ya rasu, kamfani ba ya sanin kowa sai wakilin da doka ta amince ya kula da dukiyarsa. Ana samun takardar wannan wakilci daga sashen rajistar gado na Babbar Kotun Jiha. Za a nemi shaidar mutuwa, jerin dukiya, masu tsaya wa, a biya kuɗin da ake lissafawa bisa darajar dukiyar, a kuma buga sanarwa don mai ƙorafi ya fito. Bankuna ma ita suke nema kafin su saki asusun mamaci. Shawarata a nan ɗaya ce: kada a bar ɗaki ɗaya ya riƙe wakilcin. Idan mata biyu ne ko uku, kowane ɗaki ya sa mutum. Kuma a tabbata an rubuta hannun jarin ƙarara a cikin jerin dukiyar, da sunan kamfani da adadi.

Kujerar darakta ba a gadonta. Mutuwar mai gida ba ta mai da babban ɗa shugaba ba, masu hannun jari ke naɗawa. Idan marigayin ne kaɗai mai hannun jari kuma shi kaɗai ne darakta, wakilan gadon na iya roƙon kotu ta ba da umarnin a yi taro a naɗa sababbi, don kada albashin ma'aikata ya tsaya.

Mataki na huɗu: a raba a takarda, a shigar da sunaye

Bayan an cire kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, sai rabo kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. Hannun jari yana da sauƙin rabo fiye da gida, tunda ƙidaya ne.

Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda lissafin ke tafiya. Kamfani na da hannun jari 1,000,000. Marigayi na da 600,000, ƙanensa na da 200,000, babban ɗansa na da 200,000 da aka tabbatar nasa ne. Ya bar mahaifiya, mata biyu, 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Matan za su raba tumuni, wato 75,000, kowace 37,500. Mahaifiya na da sudusi, 100,000. Saura 425,000 a kasa goma: kowace 'ya 42,500, kowane ɗa 85,000. Babban ɗa ya tashi da 285,000 ke nan.

Yanzu ga haɗarin da yawancin iyalai ba su sani ba. Magajin da ba a riga an rubuta sunansa a rajistar kamfani ba yana da haƙƙin ribar da aka raba, amma ba shi da ƙuri'a a taro. A misalinmu, muddin 600,000 ɗin nan na nan da sunan mamaci, baffa, wato ƙanen marigayi, da babban yaya su kaɗai ke da murya. Su biyu za su iya zama a ofis su zartar da ƙuduri, su ƙara yawan hannun jari, su naɗa daraktoci, su yanka wa kansu albashi, alhali masu kashi 60 na gida suna zaman takaba da karɓar gaisuwa. Shi ya sa duk wanda ya ce muku, “A bar maganar kamfani tukuna, ai ba a raba abin da ke tafiya,” ku amsa masa da ladabi cewa ba a ce a raba motoci ba, suna kawai za a rubuta. Kamfani ya ci gaba da aikinsa, amma kowa ya shiga rajista.

Wakilan gado su rubuta wa kamfani, su haɗa da takardar wakilci da takardar rabon kotu, su nemi a mayar da hannun jarin ga magada. A ba kowa takardar shaidarsa, a sanar da CAC, sannan a sake ciro rahoto a gani da ido. Rabon yara ƙanana ya zauna a hannun waliyyin da kotu ta sani. Da zarar an yi haka, 'yan matan nan huɗu na misalinmu sun haɗa kashi 17, doka kuwa ta ba masu kashi 10 ikon tilasta daraktoci su kira taro. Rijiya ta riga ta bayar, kada a bar guga ya hana.

Mataki na biyar: a san farashi kafin a yi maganar sayarwa

A takardar rajista za a ga an rubuta kowane hannun jari naira 1. Wannan adadi na rajista ne kawai, ba shi da alaƙa da abin da kamfani ya kai yau. Da shi aka yaudari 'yan'uwana mata. Wata ta nuna mini takardarta a tsakar gida tana tankaɗe, ta ce, “Yaya ya ce rabona bai kai dubu hamsin ba, amma don zumunci zai ba ni miliyan ɗaya.” Har godiya ta yi masa.

A koma misalinmu. A ce kadarorin kamfani, filaye da motoci da kaya da kuɗin da yake bin mutane, sun kai naira miliyan 380, ana binsa miliyan 80. Saura miliyan 300. Kowane hannun jari ya zama naira 300. Mai 42,500 tana da naira 12,750,000, ba 42,500 ba. Wadda ta karɓi miliyan ɗaya ta yi cinikin biri a sama.

A ɗauko akanta mai lasisi, ɗan ƙungiyar ICAN ko ANAN, wanda ba shi ne ke yi wa kamfanin aiki ba, tare da ƙwararren mai kimanta filaye da gine-gine. A ba su bayanan banki na shekaru uku zuwa biyar kai tsaye daga banki, kada a tsaya kan littafin da manaja ya rubuta. Wannan ya zama dole musamman don dokar 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, ta ɗauke musu wajabcin taron shekara da binciken odita, don haka da yawa ba su da lissafin da wani na waje ya taɓa dubawa. A kuma amince tun farko da ranar da za a ɗauka a yi kimar. Da yadda naira ke sauka, kimar ranar rasuwa da ta ranar biya na iya bambanta nesa ba kusa ba idan shekaru suka shiga tsakani. Adalci shi ne a yi kima kusa da ranar da za a biya. Kamfanin da ke kawo riba sosai kuma ya fi ƙarfin kuɗin kayansa kawai, don suna da abokan ciniki ma dukiya ne. Idan ɓangarori ba su yarda da mutum ɗaya ba, kowa ya kawo nasa, su biyun su zaɓi na uku.

Mataki na shida: wa zai saya, ɗan'uwa ko kamfani?

Ba kowa ke son zama a kamfani ba. Matar da ta gama takaba tana son ta sayi gida ta zauna da 'ya'yanta, tsohuwa tana son ta ga kuɗinta a hannu. Haƙƙinsu ne. Hanyoyin fita uku ne.

Ta farko, sulhun fita daga gado: magaji ya karɓi gida ko gona ko kuɗi a madadin rabonsa na kamfani, da yardar kowa, bayan an kimanta duka biyun. A rubuta a gaban alƙali. Wannan ta fi sauƙi, kuma ita na fi so idan dukiyar na da yalwa.

Ta biyu, ɗan'uwa ya saya da kuɗin aljihunsa. A duba kundin kamfani, domin galibi yana cewa sai an fara tallata wa na ciki kafin bare. A tallata wa kowa lokaci ɗaya da farashi ɗaya, ba a bi mutum da dare ba.

Ta uku ita ce kamfani ya sayi hannun jarinsa da kansa, abin da ake kira fansa. Akwai nau'in hannun jari da tun ranar fitar da shi aka rubuta cewa za a fanshe shi, wannan sai a bi sharaɗin da aka rubuta. Amma hannun jari na yau da kullum, irin wanda iyayenmu ke bari, dokar 2020 daga sashe na 184 zuwa 187 ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Sai kundin kamfani ya halatta. Sai an zartar da ƙuduri na musamman, wanda ke buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, bayan sanarwar kwana 21. Sai hannun jarin ya zama an biya kuɗinsa duka. Cikin kwana 7 a buga sanarwa a jaridun ƙasa guda biyu. Cikin kwana 15 bayan bugawa daraktoci su yi rantsuwa a rubuce, su kai CAC, cewa kamfani zai iya biyan bashinsa bayan sayen. Masu bin bashi, da mai hannun jarin da bai goyi baya ba, suna da mako shida su garzaya kotu a soke ƙudurin. Kuɗin kuma daga ribar da ta halatta a raba za a fitar, ba daga uwar kuɗi ba.

Akwai wani sharaɗin da ake yawan mantawa. Doka ta jero hanyoyin da kamfani zai saya: daga kowa gwargwadon rabonsa, ko ta tsarin da kotu ta amince da shi, ko a kasuwar hannun jari, ko daga ma'aikatan da aka ba hannun jari. Zaɓen 'yan'uwa mata da matan uba kaɗai a saye nasu ba ya cikin sayen kowa gwargwadon rabonsa, don haka lauya ya duba batun neman amincewar kotu kafin a taɓa ko kwabo. Kamfani kuma ba ya riƙe fiye da kashi 15 na hannun jarinsa a ajiye. Abin da ya haura sai a soke shi ko a sake fitar da shi cikin wata 12, kuma na ajiyen ba shi da ƙuri'a ba shi da riba.

A lura da abin da fansa ke yi wa mulkin kamfani. A misalinmu baffa da babban yaya na da 485,000, kashi 48.5, ba su kai rinjaye ba. Idan kamfani ya fanshi na mata biyu da 'ya'ya mata huɗu, 245,000 sun fita daga lissafi, saura 755,000. Su biyun sun koma sama da kashi 64 ba tare da sun cire sisi daga aljihunsu ba, da kuɗin da ƙannen maza da kaka ke da rabo a ciki. Ba haramun ba ne idan kowa ya gane ya yarda. Amma a faɗa wa kowa wannan lissafi kafin ɗaga hannu.

Idan biyan zai zama kashi-kashi, a rubuta ranaku da adadi, a ba mai sayarwa jingina, kuma kada ta sa hannu a takardar miƙa duka rabonta sai kuɗin ƙarshe ya shiga. Rabon maraya kuwa kada a sayar sai alƙali ya duba ya ga maslaharsa ce. Akanta ya kuma lissafa harajin cinikin bisa sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025, a san wanda zai biya.

Idan an ƙi

A fara da gida: dattawan dangi, limamin unguwa, malamin da marigayin ke girmamawa. A Katsina da Daura har yanzu maganar hakimi da ta fada tana da nauyi a kunnen 'yan kasuwa. Sai dai duk sulhun da aka cim ma a rubuta shi, kowa ya sa hannu, a kai kotu ta mayar da shi hukunci. Sulhun baki yana tashi da tashin taro.

Idan hakan bai yi ba, dokar kamfanoni daga sashe na 353 zuwa 355 ta ba wanda ake zalunta ko ake wofintar da haƙƙinsa damar kai kuka Kotun Tarayya, kuma wakilin gado na da wannan dama ko da ba a shigar da sunan magada ba. Kotu na iya hana sayar da kadara, ta soke wani ciniki, ta sa a binciki lissafi, ko ta umarci sauran ko kamfanin su sayi rabon mai ƙara da farashin adalci. Idan daraktoci ne suka wawure dukiyar kamfani, ana iya neman izinin kotu a yi ƙara da sunan kamfanin kansa. Rusa kamfani gaba ɗaya shi ne makami na ƙarshe, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci ribarsa ba, don kayan da aka yi gwanjo ba sa kawo rabin kuɗinsu. Wadda ta riga ta sa hannu bisa ƙaryar farashi kada ta zauna tana kuka a ɗaki, ta nemi lauya da wuri da takardar da ambulan ɗin da shaidun da suka gani, don jinkiri na raunana ƙara.

Ga wanda ke raye yana karanta wannan

Alhaji, idan kai ne mai kamfanin, aikin nan a hannunka ya fi sauƙi. Ka raba aljihunka da na kamfani. Ka faɗa a gaban shaidu, a rubuta, ko rabon da ke sunan ɗanka kyauta ce ko aron suna. Ka yanka masa albashi tun yanzu. Ku rubuta yarjejeniyar yadda za a sayi rabon wanda ya rasu ko mai son fita, da yadda za a kimanta shi, da inda kuɗin zai fito, ko ajiya ta musamman ko takaful, wato inshorar Musulunci.

Kuma idan kun rubuta, ku yi aiki da ita. A Amurka, wasu 'yan'uwa biyu, Michael da Thomas Connelly, masu kamfanin kayan gini a birnin St. Louis, sun yi irin wannan yarjejeniya, har kamfanin ya yi wa kowannensu inshorar dala miliyan 3.5 don a fanshi rabon wanda ya riga mutuwa. Sun amince za su riƙa rubuta darajar kamfanin duk shekara, amma ba su taɓa yi ba. Da Michael ya rasu a 2013 aka biya dala miliyan 3 bisa daidaitawar cikin gida, hukumar haraji ta ce rabon ya kai kusan miliyan 5.3 idan aka haɗa da kuɗin inshorar. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a watan Yunin 2024 ta goyi bayan hukumar baki ɗaya. Dokarsu daban da tamu, amma sakacin iri ɗaya ne da na zaurukanmu. Ka sa rana ɗaya a shekara, ko bayan ƙaramar Sallah lokacin da 'ya'ya ke gida, akanta ya kawo lissafi, a karanta a gaban kowane ɗaki, a sa hannu a kan darajar kamfanin ta wannan shekara, kowa ya tafi da kwafinsa.